Ruwan hanta kala nawa ne? Nazarin wata taƙaddamar anko a Maraɗi

A hunturun bara gwaggona ta aurar da autarta. Ta ce ba ta son ankon atamfa, shadda za a rina wa matan dangi su ashirin da huɗu, kowace mita biyar. Ta sayo farar shadda a babbar kasuwa, ta kai wa wani marini da ya fi shekara goma yana yi mata aiki, ta faɗa masa kalar da take so: ruwan hanta. Bayan kwana tara yaronsa ya kawo kaya a buge, a ninke, sai sheƙi suke yi. Da ta idar da sallar isha'i ta warware ɗaya a ɗakinta, ta dube shi, ta ce ba wannan ta ce a yi mata ba.

Kafin azahar ta washegari magana ta yi zafi. Gwaggo ta ce an ha'ince ta, ko an rage magani ko an sa mai arha, shi ya sa kayan suka fito da duhu kamar makuba. Marini ya rantse da Allah abin da aka ce masa shi ya yi. Saura kwana goma sha biyu ɗaurin aure, shadda kuwa ta riga ta sha rini, ba ta komawa fara. Kuɗin da ke ciki ba kaɗan ba ne, amma abin da ya fi tayar min da hankali sunan mutumin ne. A garin nan idan mata ashirin da huɗu suka watse daga gidan biki da maganar cewa marini wane macuci ne, ba sai an kai shi gaban kowa ba, kasuwarsa ta mutu. Ni malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, kuma dukansu biyu suna jin maganata, sai aka ce in shiga tsakani. Na ga ya kamata in rubuta abin da na gano, domin irin wannan rigima kullum ana yin ta, tsakanin tela da mai ɗinki, tsakanin mai fenti da mai gida, tsakanin mai shago da wanda aka aika, kuma yawanci ba a rabuwa sai an kira wani maƙaryaci.

Na fara da tambayar Gwaggo inda ta ga kalar. Ashe mako uku kafin ta je wurin marini ta halarci suna a Tsibirin Gobir. La'asar sakaliya ce, mata na zaune a tsakar gida, rana ta karkata, garin ya yi hazo. Wata baƙuwa ta shigo sanye da galila, ta yafa tsanwan mayafi. Gwaggo ta ce tunda take ba ta taɓa ganin ruwan hanta mai kyan wannan ba, har ta sa ɗiyarta ta ɗauki hoton matar da waya. Na ce, "Gwaggo, kin tabbata kin riƙe kalar?" Ta ce, "Haba Mushe, da idona fa na gani, ba labari aka ba ni ba. Gani ya kori ji."

Marinin na same shi a filin aikinsa, hannuwansa baƙi har gwiwa. Ya ce Hajiya ta zo da hantsi, ɗiyarta ta miƙa masa waya a tsakiyar rana, da ƙyar yake iya ganin abin da ke kan gilashin. Ya tambaya, "Hajiya, wanga ruwan hanta ne ko?" Ta ce, "Shi ne, amma mai haske nake so." A nan na tsayar da shi, na ce me ya fahimta da "mai haske". Ya ce ai sheƙi ke nan, shi ya sa ya sa aka ba kayan ƙaro sosai, mabuga suka ƙara musu bugu. Da na koma na tambayi Gwaggo, ita abin da take nufi shi ne jan ya fito, kada ya yi duhu. Kalma ɗaya, kowa ya tafi da tasa ma'anar, kuma babu wanda ya karya Hausa a cikinsu. Masana launi suna raba shi gida uku: jinsinsa, wato ja ne ko shuɗi, haskensa ko duhunsa, sai cizawarsa, wato ya turu ne ko ya koɗe. Sheƙin da bugu ke kawowa kuma wani abu ne na huɗu. Mu a kasuwa duka huɗun nan "haske" muke iya ce musu.

Wannan kaɗai bai isa ya raba gardama ba, domin Gwaggo tana nan a kan bakanta cewa kalar da ta gani a Tsibiri daban ce ƙwarai. Sai na roƙi a aro mana rigar kanta. Mai rigar ta yi karamci, ta ba ɗanta ya kawo ta a kan kabu-kabu, a ƙunshe cikin leda. Ban bari an buɗe ba. Na je wurin telan unguwa na tattaro ƙyallaye goma sha biyar daga ƙarƙashin kekensa, tun daga ja wur har zuwa ruwan makuba, da waɗanda suka karkata zuwa shunayya. Da hantsi na shimfiɗa farin zane a inuwar dogon yaro, na jera su, na kira mutum uku ɗaya bayan ɗaya, na ce kowa ya nuna min wanda ya fi kusa da kalar da ake magana.

Gwaggo ba ta ɓata lokaci ba, ta ɗora yatsa a kan wani ja mai cizawa, kusa da ruwan zoɓo. Ɗiyarta, wadda ta fi kowa kallon hoton, ta zaɓi wanda ya karkata zuwa shunayya. Marini ya ɗauki mai duhu da ke kusa da ruwan ƙasa, ya ce ga ruwan hanta nan kamar yadda ya koya a wurin maigidansa. Sannan na kwance ledar.

Rigar ba ta yi daidai da zaɓin kowa ba. Ta fi ta marini ja kaɗan, amma ta fi ƙyallen Gwaggo duhu nesa ba kusa ba. Da na ɗora shaddar ankon a gefenta, kowa ya ga ƴan uwan juna ne. Gwaggo ta yi shiru, can ta ce, "Ba ita ba ce wannan. Wata aka aiko." Sai da ta ɗaga wuyan rigar ta ga surfanin da ke jiki, wanda tun kafin a buɗe ta kwatanta mana shi daki-daki, sannan ta yarda. Wannan ya tsaya min a rai. Zanen surfani ta riƙe shi ba kuskure, da yawan furanninsa da inda suka tsaya, amma kalar da ta sa ta kashe dukiya saboda ita, ƙwaƙwalwarta ta sauya mata ita ba ta sani ba.

Domin a gane yadda haka ke faruwa sai an koma ga idon kansa. A can bayan ƙwayar ido akwai wata siririyar fata da haske ke sauka a kai, ana ce mata retina. Ƙwayoyin da ke gane launi a cikinta kusan miliyan 6 ne, kuma iri uku ne: wasu sun fi jin haske mai gajeren zango, wato ɓangaren shuɗi, wasu matsakaici, ɓangaren kore, wasu dogo, ɓangaren rawaya da ja. Babu ɗayansu da ya san ja ko kore shi kaɗai. Ƙwaƙwalwa ce ke gwada amsar wannan da ta wancan ta fitar da abin da muke kira launi. Ke nan launin riga ba a jikin rigar kaɗai yake ba. Akwai hasken da ya faɗa mata, akwai abin da zarenta ya shanye da abin da ya mayar, akwai kuma mai kallo.

A Tsibiri hasken la'asar ne na hunturu. Idan rana ta yi ƙasa, haskenta yana ratso iska mai kauri da ƙura kafin ya iso, shuɗin ciki ya warwatse a hanya, ja da rawaya su fi yawa a abin da ya rage. Ruwan hanta kuwa da jan haske yake rayuwa, idan ya same shi sai ya kama kamar garwashi. A ɗakin Gwaggo kuma farin ƙwan LED ne, irin mai arha da ya cika kasuwa. Irin wannan ƙwai shuɗin haske yake fitarwa, a shafa masa wani sinadari mai mayar da wani ɓangarensa rawaya, idonmu ya ga fari. Jan da ke cikinsa kaɗan ne. Riga ba ta iya mayar da hasken da ba a ba ta ba, dole ta yi duhu. Gwaggo ta ga rigar baƙuwa a hasken da ya fi kowane yi wa ruwan hanta gata, ta ga nata ankon a hasken da ya fi kowane tauye shi.

Mai karatu zai ce ai farar riga fara ce da rana, fara ce a gaban fitila. Haka ne. Ƙwaƙwalwa tana ƙiyasta irin hasken da ke wuri ta cire shi daga lissafi, shi ya sa duniya ba ta sauya mana kala kowace sa'a. Amma ƙiyasi ne, ba ya cika ɗari bisa ɗari, wani lokaci ma mutum biyu su yi shi daban. Masu amfani da intanet za su tuna hoton rigar nan da ya karaɗe duniya a Fabrairun 2015, wasu suna rantsuwa fara ce da ruwan zinariya, wasu shuɗiya da baƙi. Ita ma maganar biki ce, rigar uwar amarya ce a wani aure a Sikotland, kuma ainihinta shuɗiya ce da baƙi. Waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta ɗauka rigar a inuwa take sun cire shuɗin, suka ga fari. Kyamarar waya ma irin wannan ƙiyasin take yi. Da ta ga hasken yamma ya yi rawaya sai ta ƙara shuɗi don ta daidaita, abin da ya ja hoton ɗiyar Gwaggo zuwa shunayya ke nan. Ƙara da cewa gilashin kowace waya da yadda yake nuna kala. Hoton waya ba samfur ba ne, ko da yake yanzu ana yawan ƙulla cinikin atamfa da leshi a WhatsApp.

Sai mayafin. Ban ɗauke shi da muhimmanci ba da farko, sai da na tuna labarin wani Bafaranshe masanin sinadarai, Michel Eugène Chevreul. A 1824 aka naɗa shi shugaban sashen rini a masaƙar Gobelins da ke Paris, kuma ƙorafin da ya tarar irin na Gwaggo ne: masaƙa suna cewa baƙin zaren da marina ke ba su bai turu ba. Ya gwada zaren, ya ga rinin ba shi da aibi. Abin da ke faruwa shi ne baƙin yana sauya kama idan aka saƙa shi kusa da shuɗi ko shunayya. A 1839 ya wallafa ƙa'idar da ya gano, cewa launuka biyu idan suka yi maƙwabtaka kowanne yana tura ɗan uwansa zuwa kishiyarsa. Kishiyar tsanwa ja ne. Tsanwan mayafin baƙuwar ya ƙara wa rigarta ja a idon mai kallo. Ankon kuwa a kan jar tabarmar roba Gwaggo ta warware shi, jan tabarma ya danne nasa, ya bar shi kamar ruwan ƙasa. Abin ya ba ni tausayi da na tuna cewa shekara ɗari biyu ke nan ana zargin marina da laifin da ba su yi ba.

Duk da haka haske da mayafi ba su ne babban dalili ba a ganina. Babban dalili mako ukun nan ne da ke tsakanin Tsibiri da filin marini.

Ido yana iya bambanta launuka da aka ƙiyasta sun kai miliyan ɗaya ko fiye, amma da sharaɗi: su kasance gefe da gefe. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma a wannan yanayin gaskiya ne, tela zai ɗora zare a kan yadi ya ce maka bai hau ba, ko da bambancin bai kai ya kawo ba. Da zarar an ɗauke ɗayan, labari ya sha bamban. Ƙwaƙwalwa ba ta ajiye launi kamar yadda waya ke ajiye hoto. Tana riƙe ɗan abin da ta gani, ta haɗa shi da sunan da ta ba shi, kuma da tafiya ta yi nisa sunan ne ke rinjaye. A 2015 wasu masu bincike, ciki har da Gi-Yeul Bae da Jonathan Flombaum na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka, sun jera launuka 180 a da'ira. Sukan nuna wa mutum ɗaya na ɗan lokaci, su ɓoye, bayan jinkiri kaɗan su ce ya nuna shi a da'irar. Kuskuren mutane bai warwatse ko'ina ba, gefe ɗaya yake karkata: zuwa ga launin da suke ɗauka shi ne cikakken misalin sunan. Shuɗin da ya ɗan ja zuwa kore sai a tuna shi a matsayin shuɗi sosai. Idan ɗan jinkiri ya yi haka, ina ga mako uku?

Tun kafin su, a 1960, wani mai bincike a kamfanin Kodak, C. J. Bartleson, ya gano cewa mutane suna tuna launin abubuwan da suka saba gani da cizawar da ta wuce ta gaske. Ciyawar da ke kai ta fi ta fili kore, samaniyar da ke kai ta fi ta sama shuɗi. Duk wanda ya yi shekaru a ƙetare ya san wannan, jar ƙasar garinsu da yake tunawa ta fi wadda yake tararwa ja. A 2006 kuma masu bincike a Jami'ar Giessen ta Jamus sun ba mutane hoton ayaba a kwamfuta suka ce su juya kalarta har ta zama ruwan toka. Mutanen suka riƙa wuce gona da iri zuwa ɓangaren shuɗi, domin ayabar da ta riga ta zama toka tana ci gaba da yi musu kama da rawaya. Sanin da suka yi wa ayaba yana shiga cikin abin da idonsu ke gani.

Gwaggo ta ga riga ta burge ta. Abin da ya burge ta jan da ke ciki ne. Ta koma gida tana ba da labari, ta faɗa wa ƙanwarta, ta faɗa wa maƙwabciya, kowane faɗi yana ƙara wa jan ƙarfi, har ya zama ruwan zoɓon da ta nuna min. Ba ƙarya ta yi ba. Abin da ke cikin kanta shi ta faɗa, kuma tabbacin da take ji na gaske ne. Matsalar ita ce ƙarfin tabbaci ba ya nuna daidaiton tunawa, mutum yana jin su kamar abu ɗaya ne alhali daban suke.

Harshenmu ma yana da hannu, kuma a nan nake so in ɗan daɗe. A 1969 Brent Berlin da Paul Kay na Jami'ar Kalifoniya sun kwatanta sunayen launi a harsuna 98, suka lura cewa harshen da ke da tushen sunaye uku kacal, fari da baƙi da ja ne. Duba yadda waɗannan ukun suke da faɗi a Hausa. Jar akuyar Maraɗi da muke alfahari da ita, wadda fatarta ta yi suna har Turai, idan ka ajiye ta kusa da tumatir ba kala ɗaya ba ce, amma duk ja muke cewa. Jar ƙasa, jan mutum, jan goro, jini, duk ja. Turkuɗin da ya sha baba har ya turu baƙi muke ce masa, alhali shuɗi ne mai duhu. Sauran sunayen yawancinsu daga wani abu aka aro su. Rawaya tsiro ce da ake rini da saiwarta. Shuɗi ɗan uwan shuni ne. Daga nan sai dogon layin "ruwan": ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan toka, ruwan hoda, ruwan zuma, ruwan bula, ruwan madara, har ruwan omo da ruwan siminti da zamani ya kawo. Wannan dabara ce mai kyau, tana ba mu suna ga kusan kowane launi ba tare da ƙamus ba. Rauninta shi ne abin da aka aro sunansa shi ma ba kala ɗaya ba ne. Goro akwai ja akwai fari, kuma ruwan da yake bari a baki daban. Zuma akwai fara akwai baƙa. Hanta kuwa, wadda mahauci ya fitar yanzu tana sheƙi da jini, da wadda ta yini a kan tebur, da wadda ta hau wuta, uku ne. Marini ta tebur yake nufi. Gwaggo ta farko take nufi, ta ma wuce ta.

Ba Hausa kaɗai ke da wannan ba, kowane harshe yana yanka launuka inda ya ga dama. Rashawa suna da suna daban ga shuɗi mai haske da shuɗi mai duhu, kuma wani gwaji da aka wallafa a 2007 ya nuna sun fi saurin bambanta shuɗi biyu idan iyakar sunan ta ratsa tsakaninsu. Ko mu nan, abin da Bamaraɗe ke ce wa tsanwa, ɗan Kano kore zai ce.

Akwai abu biyu da na duba na ajiye. Wani daga cikin dangi ya ce ƙila marinin yana da makantar launi. Abu ne da ke akwai, ana gadonsa ta wajen uwa, ya fi kama maza, kuma ja da kore ya fi rikitawa. John Dalton na Ingila ya bayyana shi a kansa tun 1794. Na nuna wa marinin hotunan ɗige-ɗigen nan na gwajin Ishihara, wanda wani likitan Japan ya fitar a 1917, ya karanta lambobin ba gargada. Gwajin waya ba ya maye gurbin na likitan ido, amma mutumin da ke haɗa ja da kore kullum ba zai shekara goma yana gamsar da Gwaggo ba in yana da wannan. Na biyu shekarun Gwaggo. Gilashin cikin ido yana yin rawaya da tsufa, yana rage shuɗin da ke shiga, balle in yanar ido ta fara. Sai dai da ido ɗaya ta ga rigar Tsibiri ta ga ankon, abin da ya rage a can zai rage a nan.

To marinin fa, ya fita ke nan? Bai fita duka ba. Da dare na kai kayan gaba ɗaya ƙarƙashin ƙwan ɗakin Gwaggo, na jera su a kan farin zane. Goma sha shida kala ɗaya, takwas sun ja zuwa ruwan ƙasa, alhali da rana a inuwa ba a iya raba su. Na tambaye shi, bai yi musu ba. Ya ce jan maganin da ya fara da shi ya ƙare, ya sayo na wani kamfani ya haɗa, ya gwada da rana ya ga sun hau. Wannan sanannen abu ne a masana'antar yadi: magani biyu daban suna iya ba ido amsa ɗaya a wani haske, su rabu a wani, domin abin da kowanne ke shanyewa daga hasken ba ɗaya ba ne. Shi ya sa manyan masaƙu ke gwada kala a cikin akwati mai fitilu iri-iri kafin su amince. Shi bai san wannan ba, amma ya san ya sauya magani, kuma ya kamata ya faɗa.

Kuskurensa mafi girma a wurina shi ne karɓar mita ɗari da ashirin a kan kalma biyu da hoton waya. Shi ya fi kowa sanin rini ba ya nuna fuskarsa da wuri. Yadin da ke fitowa daga ruwan magani da soda ba kalarsa ta ƙarshe ba ce, sai ya sha iska, kamar yadda zanen baba ke fitowa daga karofi kore-kore sannan ya koma shuɗi a idonka. Jiƙaƙƙe ya fi busasshe duhu, bugagge kuma yana sauyawa da yadda ka karkata shi. Tafin hannu ɗaya na shadda da ya rina ya busar ya aika wa Hajiya, da duk wannan bai faru ba. Ya ce kunya ce ta hana shi, kada ta ga kamar bai gane maganarta ba bayan shekarun da suka yi. Na fahimce shi, amma kunyar nan ta kusa cinye masa sana'a.

Sulhun a zauren kawuna aka yi shi. Marini ya karɓi takwas ɗin ya sake tsoma su, ya ƙara musu ja har suka hau da sauran a rana da kuma a ƙwan ɗaki, bai karɓi ko dala ba. Gwaggo ta biya cikon kuɗin aikinsa, kuma a gaban waɗanda ta faɗa wa maganar ha'inci ta ce, "Malam, ka yafe ni, na zarge ka da abin da ba ka yi ba." Ya ce, "Ba komai Hajiya, ni ma da nawa. Allah shi yafe mu baki ɗaya." Wannan janyewar ita na fi so a samu, fiye da gyaran takwas ɗin.

Kafin a mayar da rigar aro na yi abu ɗaya na ƙarshe. Da la'asar sakaliya na sa ɗiyar Gwaggo ta yafa shaddar ankon, ta ɗora tsanwan mayafi, ta tsaya a tsakar gida tana fuskantar yamma. Gwaggo ta fito daga ɗaki ta tsaya tana kallo. Ta ce, "To, yanzu kam ta ɗan yi kama." A ranar ta aika kasuwa aka sayo tsanwan ɗankwali ashirin da huɗu.

Marinin yanzu yana da allo a bakin rumfarsa da ya kafa wa ƙyallaye da ƙusa, kowanne da lamba. Idan mace ta zaɓa sai ya yanka ƙyallen biyu, rabi nata rabi nasa, ya ce ta je ta dube shi da rana ta dube shi da dare kafin ya jiƙa mata ko mita ɗaya. Gwaggo ta koma kai masa aiki. Amma a ƙaramar sallar da ta wuce, da zancen bikin ya taso, na ji tana gaya wa ƙanwarta cewa ankon ya yi kyau ba laifi, sai dai rigar da ta gani a Tsibiri ranar sunan nan ta fi shi ja.